Ajiye littafin kuɗi a tsakiyar tabarma: yadda shugaban ƙungiya ke samun yardar jama'a

Ranar da 'yan ƙungiyarmu ta manoma da fataken albasa a nan Marwa, a arewacin Kamaru, suka ɗora mini shugabanci, bayan an shafa fatiha wani dattijo sa'an mahaifina ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Ɗana, yau kowa naka ne. Bari kuɗi ya shigo tukuna." Na ce, "Baba, a taya ni da addu'a." Ban fahimci maganarsa ba sai bayan wata huɗu.

Mun haɗa albasarmu a babbar mota ɗaya zuwa Duwala kamar yadda muka saba, kowa da alamarsa a jikin buhu. Mota ta wuce Garwa lafiya. A hawan dutsen nan da ke kafin Ngaundere, wanda duk direban hanyar kudu ya san shi, giya ta lalace. Kwana biyar mota na tsaye ana jiran kayan gyara, albasa na cikin buhu a ƙarƙashin tamfol, ba iska. Da aka isa kasuwar Sandaga ta Duwala aka kwance kaya, wajen kashi ɗaya cikin uku ya zama ruwa.

Tun daren farko direba ya buga mini waya, na kuma yi shiru. Allah shi ne shaida, ko dala ban yi niyyar ci ba. Tunanina shi ne in bari sai an sayar, ko farashi zai ɗaga ya rufe ɓarakar, in zo wa mutane da labari mai sauƙin ji. Duk wanda ya tare ni a ƙofar masallaci sai in ce, "Mota na hanya." Motar kam tana hanya, amma na san ba amsar da yake nema ke nan ba. Ashe yaron mota ya riga ya faɗa wa yayarsa, mijinta kuwa ɗan ƙungiya ne. Kafin in kira taro magana ta zaga unguwar Domayo ta dawo da wata kama: wai shugaba ya sayar da albasa a hanya ya ce ta ruɓe. Shekara biyu na yi ina biyan bashin wannan shirun. Akwai mutum uku da suka fita daga ƙungiya a kansa, har yau ba su dawo ba.

Daga nan na gane cewa gaskiyar da ke cikin zuciyarka, kai da Ubangijinka kaɗai kuka san ta. Jama'a da abin da suka gani suke aiki. Don haka aikinka shi ne ka tsara al'amura yadda kowa zai gani da idonsa ba sai ya roƙa ba. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda muka yi a shekarun da suka biyo baya. Da albasa zan yi ta misali don ita na sani, amma shugaban 'yan babur, da ɗan kwamitin masallaci ko na Islamiyya, da uwar adashi, duk za su ga nasu a ciki.

Mummunan labari daga bakinka ya fara fita

A ranar da abu ya faru za ka faɗa, ko da tsakar dare ne. Fara kiran ma'aji da magatakarda da dattijo ɗaya, don kada a ce ka keɓe labarin. Sannan ka aika saƙon murya a zauren WhatsApp na ƙungiya, da muryarka, da Hausa da Fulatanci in jama'arka gauraye ce irin tamu. Wanda ba shi da babbar waya a tura yaro gidansa.

Abu huɗu nake sa wa a irin wannan saƙo: abin da ya faru, abin da na tabbatar, abin da ban sani ba tukuna, da lokacin da za su sake ji daga gare ni. Na ukun shi ya fi wuyar faɗa, don shugaba yana jin nauyin ya ce "ban sani ba". Ka faɗa. "Mota ta lalace a wuri kaza, direba ya ce kwana biyu, ni ban tabbatar ba, ban kuma san halin da kaya ke ciki ba. Gobe bayan azahar za ku ji ni." Gobe bayan azahar kuwa ka yi magana ko da babu sabon abu, ka ce babu sabon abu. In da hali a ɗauko hoto, in asarar babba ce a tura ɗan ƙungiya ɗaya ya je ya gano, kuma kada ya zama abokinka. Gani ya kori ji.

Bayan wasu shekaru ruwan bazara ya ɗage rufin rumbun da muka tara albasar ajiya, ya jiƙa ta. A daren na faɗa. Da asuba mutum goma sha suka zo, muka baje ta a inuwa muna tsince mai laushi. An yi asara, amma ban ji ko mutum ɗaya ya ɗaga murya a kaina ba.

Raba hannunka da kuɗi

Shugaba ba ya karɓar kuɗi, ba ya ajiye kuɗi, ba ya kwana da kuɗin ƙungiya a gidansa. Ko wani ya tare ka a kasuwa ya ce, "Shugaba, ga zubina na wata, ka miƙa mini," ka ce masa ya kai wa ma'aji. Zai ji haushi a ranar, ya ce kana wulaƙanta shi. Ka ba shi haƙuri, amma kada ka karɓa. Sefa 2,000 da ka sa a aljihu da niyyar miƙawa gobe, ka manta ka sayi man babur da ita, ita ce za ta zama zancen unguwa bayan wata shida.

Doka ma ta san da wannan. Yawancin ƙungiyoyinmu a Kamaru an yi musu rajista ne a matsayin GIC, wato ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu manufa ɗaya, a ƙarƙashin dokar 1992, wadda ta yarda mutum biyar su haɗu su kafa ƙungiya. Daga baya, a watan Disamba na 2010, ƙasashen OHADA, wato ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci iri ɗaya, har da Kamaru da Chadi, suka amince da dokar bai-ɗaya ta ƙungiyoyin gama-kai a birnin Lome. A cikinta, ƙaramar ƙungiyar gama-kai dole ta sami kwamitin sa ido na mutum 3 zuwa 5 wanda babban taro ke zaɓa, dabam da masu gudanarwa. Abin da nake gani a wurare da yawa shi ne, shugaba ya cike waɗannan guraben da sunan ƙaninsa da surukinsa don takarda ta fita, shi ke nan ba a ƙara jin duriyarsu. Wannan cutar kai ce. Kwamitin sa ido garkuwarka ce. Ka bari taro ya zaɓi mutanen da ba sa jin kunyarka.

Kuɗin hannu muna ajiye shi a akwatin ƙarfe mai kwado uku. Wannan dabara wajen mata muka koye ta, masu asusun adashi da bashi na ƙauye, tsarin da ya samo asali daga Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maradi a 1991. Akwati na gidan mutum ɗaya, mabuɗai uku na hannun wasu mutum uku dabam, ba a buɗe shi sai a gaban taro. Ni ba ni da akwati, ba ni da mabuɗi. Kuɗi mai yawa kuma yana banki da sunan ƙungiya, ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku.

Wayar salula ita ce sabuwar kafa. Dillalinmu na Duwala ta Orange Money ko MTN MoMo yake turo kuɗi, kuma da farko lambata yake turo wa, don ita ya sani. Sai kuɗin ƙungiya ya gauraya da na cefanen gidana, ni kaina sai na zauna da biro kafin in raba su. Ku sayi layi na ƙungiya, waya ta zauna wajen ma'aji, kada a goge saƙo ko ɗaya. Kuɗin cirewa da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora wa tura kuɗi da cire shi ta waya a farkon 2022, a rubuta su a layinsu. Ƙananan kuɗi ne, amma su ne ke sa a ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa da sefa ɗari bakwai ko dubu ɗaya, a zauna ana kallon juna.

Karatun littafi

A nan zan daɗe, don a nan ne yarda ke tsira ko ta mutu.

Muna zama ranar Lahadin farko ta kowane wata bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar gidan ma'aji. Ana shimfiɗa tabarmi, a ajiye akwati da littafi da waya a tsakiya, inda hannun kowa zai kai. Ba a ajiye su a gabana. Kafin a buɗe komai, magatakarda ya tambayi taro, "Nawa muka bari wancan wata?" Jama'a su faɗa daga ka. Sannan masu mabuɗi su matso ɗaya bayan ɗaya, a buɗe, a zazzage kuɗi a faranti. Mutum biyu daga cikin taro, waɗanda ba su da muƙami, su ƙirga da ƙarfi: takardun dubu goma gefe, na dubu biyar gefe, har silalla. In abin da ke faranti ya yi daidai da abin da jama'a suka faɗa, sai a ci gaba. In bai yi ba, ba a taɓa wata magana sai an gano inda ya shiga, ko da magariba za ta same mu a nan.

Littafin kansa ba wani abin kirki ba ne, irin na 'yan makaranta ne mai bango mai kauri. Mun sa wa shafukansa lamba tun daga farko har ƙarshe kafin a fara rubutu, don kada a yage shafi ba a sani ba. Da biro ake rubutu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe, mutum biyu su sa hannu. Kowane layi yana da rana, da suna, da dalili, da abin da ya shiga ko ya fita, da abin da ya rage. Wanda yake ganin rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai aka fara karanta ta.

Sai matsalar harshe, wadda ta fi damun mu a wannan yanki fiye da yadda mutane ke zato. Littafi da Faransanci ake rubuta shi, don shi banki da ofisoshi ke karɓa. A cikinmu akwai Hausawa, da Fulani, da Barebari, da Giziga, da Mofu, Musulmi da Kirista. Wasu boko suka yi, wasu ajami kaɗai suke karantawa, wasu ba ko ɗaya. In magatakarda ya karanta da Faransanci ya wuce, rabin taro sun ji sauti ne kawai, za su gyaɗa kai don kunya, su koma gida da zargi. Don haka kowane layi sau biyu ake faɗarsa, da Fulatanci da Hausa. Kuma ba magatakarda ke karantawa ba. Muna ɗauko ɗan wani daga cikin 'yan ƙungiya, ɗalibin sakandare, wannan wata ɗan wane, wata mai zuwa 'yar wance. Uban da ya ji ɗansa na karanta littafin ƙungiya da bakinsa, ba ya komawa gida ya ce an ɓoye masa abu.

Ka kula da dala. Tsofaffinmu har yanzu da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5. Abin da aka rubuta 25,000, a bakinsu dala dubu biyar ne. In yaro ya karanta "dubu ashirin da biyar" bai ce sefa ba, dattijo zai ɗauka dala ake nufi, ya lissafa 125,000 a ransa. Mun taɓa yin rigima ta sati biyu a kan kuɗin gyaran injin ban ruwa saboda wannan kaɗai, wani tsoho yana rantsuwa cewa da kunnensa ya ji an kashe kuɗin da ya isa sayen sabo. Bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ke nan. Tun daga ranar kowane adadi ana faɗarsa da sefa a kuma faɗe shi da dala. Masu hulɗa da Kuseri da Njamena sun san haka abin yake da riyal a bakin Larabawan can.

Akwai kuɗin da ba shi da rasit, kuma a nan shaiɗan ya fi zama. Mota daga Marwa zuwa Duwala tana bi ta Garwa, Ngaundere, Garwa-Bulai, Bertuwa, Yawunde, kuma kowa ya san akwai abin da ake kashewa a hanya wanda ba mai ba ka takarda a kansa: 'yan dako, mai gadin tasha, bakanike a daji, da abin da ake miƙawa a shingaye. Kada ka dunƙule shi ka rubuta "sauran kashe-kashe". Wannan kalma ta rusa ƙungiyoyi da yawa. Duk mota muna haɗa ta da ɗan rakiya ɗaya daga cikinmu, bi da bi, da ƙaramin littafi a aljihu. A kowane wuri ya rubuta sunan gari da abin da aka bayar, in sun dawo shi da direba kowa ya faɗi nasa a gaban taro. Bayan tafiya uku ko huɗu kowa ya san kimanin abin da hanya ke ci, don kusan kowa ya taɓa zuwa.

Kyauta

Da sallar farko bayan na hau, dillalinmu na kudu ya aiko mini da shadda mai kyau da agogo. Mai sayar da taki da irin albasa kuma ya ja ni gefe ya ce in ƙungiya ta saya a wajensa, akwai "na goro" a kowane buhu. Kafin a zaɓe ni shekara goma muna hulɗa da mutanen nan, ko hula ba wanda ya taɓa ba ni. Limaminmu ya tuna mini hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim, mutumin da Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mimbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar?

Ba sai ka mayar wa mutum da kyautarsa ka ci masa fuska ba, kasuwanci yana son zumunci. Ka karɓa ka yi godiya, ka gaya masa a take cewa za ka kai wa ƙungiya. Na ajiye shaddar da agogon a kan tabarma kusa da akwati, na faɗi wanda ya aiko. Aka sayar aka zuba a asusu. Shi kuma mai taki na ce ya zo taro ya faɗi ragin da bakinsa, a cire shi daga farashin buhu kowa ya amfana. Sayayya babba kuwa, taki ko iri, Gudami ne ko ɗan Galmi, a tambayo farashi wuri uku, mutum biyu su je, a karanta a taro kafin a biya.

Danginka, da asirin mutane

Ranar da maganar bashin ƙaninka ko ɗan yayarka ta taso, ka miƙa wa mataimaki taro ka tashi ka koma bayan gida har a gama. In ɗan'uwanka ya yi jinkirin biya, a karanta sunansa yadda ake karanta na kowa, a ci shi tarar da ake cin kowa. Na san zafin wannan. Innata ta kira ni har ɗaki ta ce, "Yanzu kai ne za ka bari a kira sunan ɗan'uwanka a bainar jama'a?" Na durƙusa na ce, "Inna, in na tsallake nasa, gobe ba ni da bakin kiran na kowa." Daga baya na taimaka masa daga aljihuna ya biya, wannan tsakanina da shi ne. Amma sunan an kira shi.

Sai dai a nan akwai iyaka, kuma na ga shugabannin da suka wuce ta da sunan gaskiya suka tozarta bayin Allah. Dukiyar jama'a ita ce ba ta da sirri. Halin da mutum ke ciki a gidansa nasa ne. In wata baiwar Allah ta zo ta gaya maka ta kasa biya ne saboda mijinta na kwance a asibiti da ciwon da ba ta so a sani, ko wani ya ce amfanin gonarsa ya tafi wajen biyan wani bashin da yake jin kunyarsa, ba ka da ikon kai wannan gindin dalbejiya. Abin da muke yi shi ne, 'yan kwamitin sa ido su ji dalilin a asirce, su zo taro su ce, "Mun ji uzurinta, mun gamsu, muna roƙon a ƙara mata wata biyu." Adadi da wa'adi a rubuce suke kowa na gani. Dalili ya tsaya a cikin mutum uku. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shugaban da ya fallasa mutum ɗaya, sauran ba za su sake kawo masa damuwarsu ba, sai dai su ɓuya in sun hango shi.

Alkawari kuwa ka rage shi. Masu ayyukan tallafi suna zuwa da motoci su rubuta sunaye, su ce za a duba yiwuwar ba da injin ban ruwa ko gina rumbu. Ka dawo ka faɗi abin da suka ce daidai yadda suka ce shi. "Za a duba" ba "za a kawo" ba ne, in ka ƙara masa gishiri don a yi maka tafi, ranar da abu bai zo ba kai ne ka cinye. In an kira ka taron bita aka ba ka kuɗin mota da na abinci, ka faɗi nawa ne. Haka in lokaci ya yi tsanani. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, farashin zuwa-zuwa, wato man fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a bakin titi, ya yi tsalle a Marwa, mu kuma da shi injinan rijiyoyinmu na bakin kogin Mayo Tsanaga ke aiki. Dole zubi ya ƙaru. Ban yanke adadi na kawo musu ba. Na sa aka rubuta a allo lita nawa inji ke sha a sati, nawa muke sayen lita da, nawa take yanzu, na ce su lissafa da kansu. Adadin da suka fitar ya fi wanda na yi niyyar nema, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, don daga bakinsu ya fito. Haka muke yi da shawarar da ta fi kowace raba kai a sana'armu: a sayar a watan Maris lokacin da albasa ta cika kasuwa ba ta da daraja, ko a ajiye zuwa ƙarshen shekara a sami ninki amma a ɗauki kasadar ruɓa da tsiro. Ina faɗin ra'ayina da dalilina, a ɗaga hannu, a rubuta mutum nawa suka ce a ajiye, nawa suka ce a sayar.

Kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya mai yawan tambaya, wanda in ya ɗaga hannu kowa ke sauke numfashi. Kada ka yi gaba da shi, kada ka bari a yi masa ihu. Sau da yawa abin da ya faɗa a fili shi ne abin da mutum goma ke faɗa a ɓoye. Namu mun sa shi a kwamitin sa ido. Shi ne ya gano na yi kuskuren buhu shida a rabon kuɗin wata mota, na ba wani abin da yake na wani. A taron na miƙe na ce, "Kuskurena ne, ga inda na yi shi, ga yadda za a gyara," ban ce magatakarda ne ya ruɗe ni ba, ko da yake tare muka yi lissafin. In kai ne shugaba, laifin da aka yi tare kai za ka ɗauka a gaban jama'a, gyaran na ƙasa da kai kuma ka yi shi a keɓe.

Kada kuma ka jira a zarge ka kafin ka yi bayani. Annabi (SAW) yana i'itikafi, matarsa Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya fito raka ta. Wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri, sai ya ce su dakata, Safiyya ce 'yar Huyayyu. Suka ce subhanallahi, ya Manzon Allah. Ya ce shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini, ya ji tsoron kada ya jefa wani abu a zukatansu. In wanda ake kira Al-Amin tun kafin annabci ya tsaya ya yi bayani, ni da kai ba mu da hujjar cewa "ai sun san halina". Shekarar da na sake rufin gidana da kwano, kafin a kawo kwanon na faɗa a taro cewa na sayar da bijimai biyu, na faɗi wanda ya saya. Wasu suka ce ba sai na faɗa ba. Na san dai da ban faɗa ba, da an auna kwanon nan da kuɗin akwati.

Ranar sauka

Ku rubuta wa'adi tun farko, kuma in ya cika ka sauka ko da ana roƙonka. Mu shekara uku ne, sau biyu. Wata uku kafin zaɓe na nemi kwamitin sa ido su bi littattafan shekara shida shafi bayan shafi, su je banki da ma'aji su karɓo takardar abin da ke asusu, su zaga su ga kayan ƙungiya da idonsu: injina, bututu, sikeli, tamfol, buhunan da suka rage. Aka rubuta waɗanda ƙungiya ke bi bashi da waɗanda ke bin ta, har da sefa 15,000 na wani bakanike da muka manta ba mu biya ba tun bara.

A ranar miƙawa an yi takarda kwafi uku, ɗaya tawa, ɗaya ta sabon shugaba, ɗaya ta shiga akwati. Na miƙa masa hatimi da takardar rajista a gaban kowa. Washegari muka je banki tare aka cire sa hannuna aka sa nasa, na buga wa dillalin Duwala waya a gabansa na ce daga yau da wannan za ka yi magana, na kuma sa aka sauke ni daga masu kula da zauren WhatsApp. Lahadin farko ta watan da ya biyo baya na zo da zubina na ba ma'aji, na nemi wuri a tabarmar baya kusa da mai yawan tambayar nan, aka zazzage kuɗi a faranti, aka ce ni da shi mu ƙirga.